Neman Sunan Kaka a Tsofaffin Littattafan Ikilisiyar Baptis: Inda Mai Bincike Daga Sakkwato Zai Dosa

Wanda ya tashi neman asalin iyalinsa a littattafan ikilisiyar Baptis, abu na farko da zai cire daga ransa shi ne wai akwai wani babban ofishi guda da aka tara sunan kowa da kowa. Babu shi. A tsarin Baptis kowace ikilisiya cin gashin kanta take yi. Ita ke kiran fastonta, ita ke karɓar mambobinta, ita ke yi musu horo, ita kuma ke riƙe da littattafanta. Hedikwatar Baptis ta Nijeriya da ke Ibadan rahoto da alƙaluma take karɓa: mutum nawa aka yi wa baftisma bana, nawa suka rasu, nawa aka tara na baiko. Amma sunan kakanka yana can cikin wani dogon littafi mai baƙin bango a kabad ɗin ofishin fasto, ko cikin adaka a gidan 'ya'yan tsohon magatakarda. Aikin na ƙafa ne da na baki, intanet daga baya take shigowa.

Abu na biyu shi ya fi kayar da masu bincike. Baptis ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, ya zauna ajin baftisma, an yi masa tambayoyi, sannan a nutsar da shi cikin ruwa. In ka ga an rubuta cewa an yi wa kakarka baftisma a 1957, wannan ba shekarar haihuwarta ba ce. Tana iya kasancewa 'yar shekara 13 a lokacin, tana iya kasancewa uwar 'ya'ya huɗu. A wajen Katolika da Angilikan ne rajistar baftisma ke tafiya kusa da ranar haihuwa, don su suna yi wa jarirai. Abin da Baptis ke yi wa jariri shi ne miƙa shi ga Allah a gaban jama'a, kuma ba kowace ikilisiya ce ta buɗe wa wannan littafi na musamman a shekarun farko ba. Sau da yawa sai dai ka tsinci labarin haihuwar a littafin ma'aji, inda ya rubuta baikon godiya da sunan uban yaro. Littattafan Baptis zaman mamba suke bi: yaushe ya shigo, ta wace ƙofa, yaushe ya fita, ina ya nufa. Wanda ya riƙe wannan, ya san irin tambayar da zai yi wa kowane shafi.

Kafin ka kashe kuɗin mota, tabbatar cewa mutumin naka ɗan Baptis ne da gaske. Tsofaffinmu kowace majami'a “mishan” suke ce mata. A tsohon lardin Sakkwato mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta yi aiki sosai, ita ce ma ta riƙe asibitin kutare na Amanawa. A ƙasar Zuru da Yawuri kuwa mishan ɗin UMS (United Missionary Society) ce ta yi ƙarfi, wadda ikilisiyarta a yau ake kira UMCA. Dukansu manya suke yi wa baftisma, kuma nutsarwa suke yi, saboda haka jin cewa “a gulbi aka yi masa” bai isa shaida ba. Alamar da ba ta ruɗi ita ce ƙungiyoyin cikin gida. In tsohuwa ta ce ta yi GA tana yarinya, ko ta shiga Lidiya (ƙungiyoyin 'yan mata ke nan), ko tana zuwa taron WMU na mata, in tsoho ya ce ya yi RA, ƙungiyar yara maza, to Baptis ne. In kuwa maganar DCC (majalisar ikilisiyoyin gunduma) da EMS (sashen aika masu bishara) kake ji, ofishin ECWA za ka nufa.

Sanin yadda Baptis suka iso Arewa shi zai nuna maka inda sawu ya nufa. Ɗan mishan na farko daga Baptis na kudancin ƙasar Amurka, Thomas Jefferson Bowen, ya sauka ƙasar nan a 1850. Burinsa ya shiga can ciki, amma a ƙasar Yarbawa ya tsaya, ya kafa tasha a Ijaye, sannan a Ogbomosho a 1855. Ƙungiyar da ta haɗa ikilisiyoyin an kafa ta a Ibadan a 1914 da sunan ƙungiyar Baptis ta Yarbawa, sai a 1919 ta ɗauki sunan Nijeriya baki ɗaya. Zuwa Arewa kuwa ba Turawan mishan ne suka yi gaba ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakuna, don haka fatake da ma'aikata ne suka kawo ikilisiyar: 'yan kasuwar Ogbomosho da Shaki da makwabtansu, teloli, direbobi, akawuna, ma'aikatan reluwe da na gidan waya. Su ke fara taruwa a ɗakin wani a unguwar baƙi, in sun yi yawa su nemi fili, daga baya su aika gida a turo musu fasto. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa birnin Sakkwato ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Shi ya sa iyalai da yawa da ke Sakkwato yau, in ka bi sawunsu baya, sai ka ga sun fara yada zango a Gusau, garin gyaɗa da auduga da kantunan Turawa, kafin su hau mota zuwa nan. Kada ka yi mamaki in littafin Sakkwato ya mayar da kai Gusau, na Gusau ya mayar da kai Zariya ko Minna, na can kuma ya kai ka Ogbomosho. Ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, masu sunaye irin su Alheri, Nasara, Bishara da Albarka, galibi daga baya suka zo, kuma sawun mambobinsu ya fi komawa Zuru, Kwantagora, kudancin Kaduna ko Filato.

Fara daga gida. Buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na iyali, shafukan farko da na ƙarshe, inda magidanta kan rubuta ranar haihuwar 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Girgiza shi a hankali, a ciki ake ajiye katin baftisma da katin zakka da takardar aure. In juyin Hausa na 1932 ne a hannunka, riƙe shi da kyau, shi kansa abin tarihi ne. Duba littafin waƙoƙi, duba bayan tsofaffin hotuna, duba ƙananan littattafan jana'iza da ake rabawa ranar biso, waɗanda Yarbawa musamman ke rubuta tarihin mamaci a ciki. Tarihin jana'iza yana da amfani wajen sunayen garuruwa da na ikilisiyoyi, amma kada ka ɗauki shekarunsa kamar yankan wuƙa, don cikin gaggawa da juyayi 'ya'ya ke rubuta shi, wani lokaci da ka.

Sai ka zauna da tsofaffi. Kada ka ce, “Mama, a wace shekara kuka zo Sakkwato?” Ba za ka samu amsa mai amfani ba. Ka ce, “Mama, da kuka zo, wa ke sarauta? Wa kike goyo? Da fam kuke ciniki ko da naira? Wane fasto kuka tarar?” Sarkin Musulmi Hassan ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku daga 1938 har 1988. Tsawon sarautar Abubakar ya sa sai ka ƙara tsaga ta da wasu alamomi: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yanci a 1960, rasuwar Sardauna a Janairun 1966, zaman Sakkwato hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, canjin kuɗi zuwa naira a farkon 1973. Sunan fasto ya fi duk waɗannan daraja, domin kowace ikilisiya ta san jerin fastocinta da shekarunsu, sau da yawa ma an rubuta su a allo ko a littafin bikin cika shekara 50.

Zuwa majami'a yana da nasa ladabi. Kada ka je ranar Lahadi da safe, ba wanda zai saurare ka. Je ka ranar aiki, ko ka jira bayan taron addu'a na tsakiyar mako. Tafi da takarda a rubuce mai ɗauke da sunanka, sunan wanda kake nema, dangantakarku, shekarun da kake zato, da abin da za ka yi da bayanin. Fasto za ka fara gaisarwa, amma littattafai a hannun magatakardan ikilisiya suke, kuma wani lokaci sai kwamiti ya zauna kafin a ba da izini, saboda haka ba da mako biyu ko uku. In akwai dattijo a cikin ikilisiyar da ya san gidanku, roƙe shi ya raka ka. “Baba, jikan wane ne, ya zo neman sunan kakansa” ya fi kowace takarda buɗe kabad. Wannan ya shafi Musulmi ma. Gidaje nawa ne a garin nan da kakarsu ta fito daga gidan Kirista, ko kawunsu ya yi makarantar mishan? Mai neman zuriyarsa ba baƙo ba ne a wurin, muddin ya zo da mutunci ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi.

In ka ce “ina son tsofaffin takardu” za a ce maka babu. Ambaci littattafan da sunansu: rajistar mambobi, rajistar baftisma, littafin bayanan taron ikilisiya da na kwamitin zartarwa, littafin zakka da baiko, littafin aure, rajistar Makarantar Lahadi, littafin ƙungiyar mata, da fayil ɗin wasiƙu. Rajistar mambobi ita ce uwa. Yawanci dogon littafi ne irin na akawu, an ja masa layuka da rula: lamba, suna, garin asali, ranar shiga, hanyar shiga, sai wani siririn gida a ƙarshen dama na ƙarin bayani. Wannan siririn gidan shi ne ya fi komai. A nan za ka ga wani hannu dabam, da wata tawada dabam, ya ƙara kalma biyu ko uku bayan shekaru: ya koma Gusau, ta yi aure ta tafi Kaduna, ya rasu, an dakatar, an mayar. Wani lokaci an ja jan layi a kan sunan gaba ɗaya. Jan layi ba lallai mutuwa yake nufi ba, fita daga lissafi yake nufi, kuma dalilin fitar yana littafin bayanan taro na watan da abin ya faru. Kula kuma da wani abu: in ka ga shafi 10 ko 15 na farko duk da hannu ɗaya, da biro ɗaya, sunaye a jere tsaf, to ba asalin littafin ba ne, kwafi ne da wani magatakarda ya yi lokacin da tsohon ya yage. Mai kwafi kan tsallake waɗanda suka riga suka rasu ko suka tashi, wato ainihin mutanen da kake nema. Tambayi inda tsohon yake, ko da bangonsa ya cire.

Hanyar shiga iri uku ce galibi: ta baftisma, ta wasiƙa, ko ta shaidar baki in wasiƙar ba ta samu ba. Wasiƙar nan ita ce igiyar da za ka bi. Ɗan Baptis in zai tashi daga gari, ikilisiyarsa kan ba shi takardar shaida cewa mamba ne mai kyakkyawan tsayi, ya kai wa ikilisiyar da ya koma, su karanta a taro su karɓe shi. Kowace wasiƙa tana da baki biyu, inda ta fito da inda ta sauka, kuma kowane ɓangare na iya rubuta ta. In littafin Sakkwato ya ce an karɓi kakanka ta wasiƙa a 1961, kada ka ɓata lokaci kana neman baftismarsa a nan, ba a nan aka yi ba. Nemi sunan ikilisiyar da ta aiko shi. Matsalar da ake samu ita ce fatake da yawa ba su taɓa ɗauko wasiƙarsu ba. Mutum zai yi shekara 30 a Arewa yana sujada, yana ba da kuɗin gini, amma sunansa na nan a rajistar ikilisiyar garinsu, don a ransa baƙunci yake yi, can zai koma a binne shi. Irin wannan sai a littafin kuɗi ko na ƙungiya za ka same shi. Ga Bayarabe, ka yi ƙoƙari ka samo sunan gidansu na gado, ba sunan gari kaɗai ba. A Ogbomosho ikilisiyoyin Baptis suna da yawa ƙwarai, sunan gidan ne zai nuna unguwa, unguwa ta nuna majami'a.

Akwai wasu dalilai biyu da kan sa a rasa suna a inda ake zato. Na farko, ƙaramar majami'a takan fara ne a matsayin tashar wa'azi a ƙarƙashin wata babba, kuma kafin a tsayar da ita ikilisiya mai zaman kanta, mambobinta a rajistar uwar ake rubuta su. Tambayi shekarar da aka tsayar da ita, duk abin da ya gabaci wannan shekarar nemi shi wajen uwar. Haɗe da wannan, fasto da ba a naɗa ba bai saba yin baftisma ba, sai an jira Rabaran, wato faston da aka naɗa, ko ɗan mishan mai zagaye ya zo. Shi ya sa za ka ga mutum 20 ko 30 da rana ɗaya, sannan shekara guda ba ko ɗaya. Wani lokaci sunayen a littafin aljihun Rabaran ɗin suka tafi, kuma littafin na hannun iyalansa. Na biyu, a wancan zamani Baptis ba su karɓar mai mace fiye da ɗaya a matsayin cikakken mamba. Magidanci zai iya zama ginshiƙin majami'a, shi ya sayi kwanon rufi, amma babu shi a rajista, alhali uwargidansa da 'ya'yansa na ciki. Rashin sunansa bayani ne a kan yadda gidan yake.

Neman mata ya fi wuya, kuma abin na da ciwo, don su suka fi riƙe majami'un. Ana rubuta mace da sunan miji kawai, ko da sunan ɗanta na fari, maman wane. Littafin ƙungiyar mata ne ke ceto a nan, domin a can su ke rubuta kansu, da sunan yanka, da kuɗin wata-wata, da wadda aka je wa barka da wadda aka je wa gaisuwar mutuwa. Littafin nan ba kasafai yake ofishin fasto ba. Nemi tsohuwar shugabar mata ko 'yarta.

Sunaye kuma sai an yi haƙuri da su. Mutum ɗaya na iya fitowa da suna uku: na gida, na baftisma, da na aiki. Wanda gida ke kira Ɗanladi, rajistar Hausa ta ce Bulus, ta Turanci ta ce Paul. Haka Bitrus da Peter, Istifanus da Stephen, Rifkatu da Rebecca, Alisabatu da Elizabeth. Sunan uba ma yakan canza, yau sunan mahaifi, gobe na kaka, jibi na gari. Magatakarda Bayarabe zai rubuta sunan Badakkare yadda kunnensa ya ji, Bahaushe ya rubuta na Bayarabe haka nan. Rubuta duk siffofin da sunan zai iya ɗauka a takarda ɗaya kafin ka buɗe littafi, kuma karanta shafi da ƙarfi, kunne kan gane abin da ido ya wuce. Sunan rana taimako ne: in ana kiran kakarka Ladi, Talatu, Jummai ko Asabe, ranar haihuwar da wata takarda ta ba ka ya kamata ta faɗo a wannan rana ta mako. Duba kalandar shekarar a waya. In bai dace ba, akwai alamar ƙirƙirar ranar aka yi.

Tsofaffin bayanan taro na ikilisiyoyin farko da Yarbanci ko Turanci suke. Ko ba ka jin Yarbanci, riƙe kalmomi kaɗan zai sa ka san shafin da za ka kai wa mai fassara: itebomi baftisma ce, igbeyawo aure, isinku jana'iza, oloogbe marigayi, idamewa zakka, ikore bikin godiyar kaka, egbe ƙungiya. Wajen kwanan wata akwai tarko. Ɗan mishan Ba'amurke da wata yake farawa, ɗan Nijeriya da rana. Rubutun 3/4/58 a hannun fasto 3 ga Afrilu ne, a hannun Ba'amurke 4 ga Maris. Duba sauran ranakun da hannun nan ya rubuta, in ka ga lamba ta wuce 12 a tsakiya, ka gane tsarinsa. Shafin da ba shi da shekara kuwa, duba kuɗin da ke ciki. Fam da sule da kwabo na nufin kafin 1973.

Takardar aure ita ce mafi cikar bayani, in an yi auren a ƙarƙashin dokar aure ta 1914 a majami'a mai lasisi. Tana ɗauke da sunan ango da amarya, sana'a, mazauni, sunan mahaifin kowannensu da sana'arsa, da shaidu. Doka ta ce a cika ta kwafi biyu, a ba ma'aurata ɗaya, a aika ɗaya ga mai rajistar aure cikin kwana 7, gindin takardar kuma ya saura a jikin littafin majami'a. Ke nan wuri uku kake da su na nema. A gidan shekaru sau da yawa ba a sa lamba, sai a rubuta cewa mutum ya cika shekarun girma, ma'ana ya kai 21. Wannan ya ba ka iyaka: cire 21 daga shekarar auren, haihuwarsa ba ta wuce nan ba. Sai dai aure da yawa na gargajiya aka yi, daga baya aka zo majami'a aka sa albarka, wani bayan an haifi 'ya'ya uku. Kada ganin ranar ya sa ka yanke wa 'ya'yan farko hukuncin da ba haka ba.

Rajistar shiga makaranta ma tana ba da shekarar haihuwa da sunan mai riƙo, amma da ƙiyasi. A da, yaro kan ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kai a ce ya isa shiga aji, malam ya ƙaddara masa shekara 6 ko 7. Makarantun mishan sun koma hannun hukuma, sunayensu ma sun canza, don haka tambayi sunan makarantar na yanzu ka je wajen hedimasta. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ita ce mafi rauni a duk shaidu, musamman in ta ce 1 ga Janairu.

A littafin bayanan taro za ka ci karo da abin da ba ka zo nema ba: wanda aka yi wa horo kan shaye-shaye, wadda ta yi ciki kafin aure, rigimar kuɗi tsakanin dattawa. Jikokin mutanen nan suna raye, wasu kuna haɗuwa a kasuwa. Abin da ya shafi gidanku naka ne ka san yadda za ka yi da shi, na gidan wani kuwa amana ce. Kada ka ɗora hoton shafin a Facebook ko a zauren WhatsApp na dangi. Mutum ɗaya in ya yi haka, an rufe kabad ga duk mai zuwa bayansa.

In littattafan sun salwanta, ta gobara ko tashin hankali ko ƙaura, ko giɓin 1966 zuwa 1970 lokacin da jama'a da yawa suka bar Arewa, sai a zagaya. Ofishin Asosiyeshan (haɗin ikilisiyoyin yanki ɗaya) da na Konfarens (haɗin da ke samansa) suna ajiye rahoton shekara-shekara mai sunayen fastoci da wakilai. Iyakokinsu sun sha canzawa, kamar yadda tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma kanta ta rarrabu, Neja a 1976, Kabi a 1991, Zamfara a 1996, saboda haka tambayi tsohon fasto inda ikilisiyar take kai rahoto a wancan zamani. In kakanka fasto ne ko mai bishara, makarantar fastoci ta Baptis da ke Kawo a Kaduna, wadda ke horar da masu aiki da Hausa tun ƙarshen shekarun 1940, da babbar makarantar tauhidi ta Ogbomosho da aka kafa a 1898, su ne wuraren neman fayil ɗin ɗalibi. A ɗakunan karatunsu akwai kundayen kammala karatu da ɗalibai suka rubuta kan tarihin ikilisiyoyinsu, cike da hirar dattawan da yanzu ba su. Irin wannan kundi ka neme shi kuma a Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda aka yi rubuce-rubuce kan baƙin ƙabilu a Sakkwato da Gusau. Leƙa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan cikin gari kafin ka yi nisa. Sannan Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Sakkwato ke ƙarƙashin lambar SOKPROF, na sakatariyar Arewa kuma SNP. A can nemi fayilolin neman filin majami'a da izinin buɗe makaranta, domin takardar roƙo kan zo da sa hannun shugabannin jama'ar da sana'o'insu. Tafi da katin shaida da takardar gabatarwa, kuma kwafe lambar fayil cikakkiya, in ba haka ba ba za ka sake gano shi ba. Daga waje, ɗakin adana tarihin Baptis na kudancin ƙasar Amurka da ke Nashville ya sa tsofaffin mujallun mishan da rahotannin shekara a intanet kyauta. Suna da amfani wajen sanin wane ɗan mishan ya zagayo yankin a wace shekara, amma da wuya su ambaci talakan mamba da suna.

Ranar da aka buɗe maka littafi, ɗauka cewa ba za ka sake ganinsa ba. Zafin Sakkwato na watan Afrilu da bushewar hunturu suna mayar da tsohuwar takarda kamar busasshen ganye, in ka lanƙwasa kusurwa sai ta karye a hannunka. Wanke hannu ka shanya. Shimfiɗa littafin a tebur a inuwa mai haske, kusa da taga ko a baranda da hantsi, kashe filashin waya. Fara da bango, da shafin farko, sannan kowane shafi bi da bi har waɗanda ba komai a kansu, don a san ba ka tsallake ba. Ɗauki shafin gaba ɗaya tukuna, sannan ka matso kan layin da ya dame ka. Sunayen da ke sama da ƙasa da na kakanka sau da yawa 'yan uwansa ne ko abokan tafiyarsa. Littafi mai shafi 200 zai ci maka kamar awa ɗaya da rabi da wurin ajiya kusan gig ɗaya, don haka tafi da waya a cike da abin caji. Kada ka lashi yatsa don juya shafi, kada ka danne tsakiyar littafin don ya kwanta, kada biro ya kusanci wurin, fensir kawai. Kada kuma ka yi gyaran alheri da salatif ko ka kai a manne shafi cikin roba. Gam ɗin salatif kan rine takarda ya ci tawada, robar kuwa da zafi ake manna ta kuma ba ta ɓaruwa. In ka tarar da takardun da aka cusa tsakanin shafuka, ɗauki hotonsu a inda suke ka mayar da su nan, don wurin da wasiƙa take shi ke nuna watan da aka karanta ta.

Da ka koma gida, juye hotunan a wuri biyu, ka sa wa jakar sunan ikilisiya da irin littafin da shekarunsa. Mayar wa ikilisiyar kwafi ɗaya, haƙƙinsu ne. In sun nemi shawarar ajiya, a naɗe kowane littafi da farin ƙyalle na auduga, ba leda ba, don leda na tara gumi da damina. A sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo nesa da bango saboda gara, a riƙa buɗewa ana dubawa farkon damina da ƙarshenta.

A littafinka na bincike, kowane bayani ka rubuta masa inda ya fito: wane littafi, wane shafi, hannun wa, ko bakin wa da ranar hirar. In takardu biyu suka saɓa, kada ka goge ɗaya. Ajiye su duka, ka fifita wadda aka rubuta kusa da lokacin da abin ya faru, da hannun wanda ya gani. Layin da magatakarda ya rubuta ranar baftisma ya fi littafin jana'izar da aka buga bayan shekara 50, amma a kan ranar haihuwa, rubutun uba a bangon Littafi Mai Tsarki ya fi su duka biyun.